George Matheson, Fasto Makaho na Ƙasar Sikotlan (1842-1906)

Akwai makantar da takan faɗo wa mutum rana ɗaya, ta hanyar haɗari ko ciwo mai tsanani. Akwai kuma wadda takan zo da sanɗa, tana rage gani kaɗan-kaɗan kamar yadda hasken yamma yake janyewa daga tsakar gida. Littafi Mai Tsarki ya san wannan ta biyun sosai. Ishaku ya tsufa har ya kasa bambanta 'ya'yansa biyu sai da lalube. Eli firist kuma, a 1 Sama'ila sura 3 idanunsa sun soma dushewa, kafin a kai ƙarshen sura 4 ba ya gani sam. Amma waɗannan dattawa ne, sun riga sun ci moriyar idanunsu shekaru masu yawa. George Matheson yana yaro ƙarami abin ya soma, ya yi girma yana kallon duniya tana ɓace masa a hankali, kuma da wannan nawaya ya yi hidimar fasto fiye da shekara 30, ya rubuta littattafai masu yawa, ya yi wa'azi a gaban Sarauniyar Ingila.

An haife shi ranar 27 ga Maris, 1842, a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan, cikin gida mai 'ya'ya 8. Mahaifinsa, wanda shi ma George ne sunansa, ɗan kasuwa ne mai abin hannu. Yaron bai cika shekara 2 ba mahaifiyarsa ta lura cewa ganinsa ba daidai yake ba. An nemi taimakon likitocin ido na zamanin, ba a sami maganin da zai tsai da ciwon ba. Abin da ya rage wa iyayen shi ne su yanke shawara a kan yadda za su rene shi, ko su killace shi a gida kamar marar lafiya, ko su sa shi makaranta tare da sauran yara. Suka sa shi makaranta. A makarantar Glasgow Academy yakan zauna kusa da taga domin ya sami haske, da tabarau mai ƙarfi a fuskarsa, ana rubuta masa darussa da manyan haruffa. Da haka ya koyi karatu da rubutu, har ya riƙa cin kyautar ƙoƙari a aji.

Wanda bai taɓa zama da mai irin wannan ciwo ba zai yi wuya ya gane nauyinsa. Wanda ya makance rana ɗaya yakan yi makoki mai zafi, sa'an nan ya soma koyon sabuwar rayuwa. Wanda ganinsa yake raguwa kuwa, makokinsa ba ya ƙarewa wuri ɗaya. Bana ya daina ganin ƙananan haruffa, sai ya saba da manya. Baɗi manyan ma su gagare shi. Ya saba da gane mutane daga nesa ta tafiyarsu, sai wata rana ya tarar ko fuskar mahaifiyarsa a gabansa ta zama inuwa. Kowane sabo da ya yi, sai ciwon ya matsa gaba ya rushe shi. Haka George ya ƙare ƙuruciyarsa. Lokacin da ya kai shekara 18 tabarau ya daina amfana masa kome, littafi ya zama farar takarda kawai. Har ƙarshen ransa yana iya bambanta haske da duhu, wani lokaci ma yakan ga siffar abu kamar cikin hazo, amma karatu da gane fuska sun tafi ke nan.

Ya shiga Jami'ar Gilasgo a 1857 yana da shekara 15, abin da ba baƙo ba ne a Sikotlan ta wancan zamani. Wato shekarun da ganinsa ya ƙarasa mutuwa su ne shekarun da ya fi bukatarsa. Rubutun makafi wanda Louis Braille ya fitar a Faransa tun 1829 bai riga ya bazu a Birtaniya ba, sai bayan 1868 aka soma yaɗa shi da gaske, kuma ko da ya bazu, babu wanda ya mai da littattafan falsafa da tauhidi na jami'a zuwa wannan rubutu. Hanya ɗaya ce ta rage, wato wani ya karanta masa, shi kuma ya riƙe a ka.

A nan ne gidan Matheson ya yi abin da ya cancanci a tsaya a dube shi. 'Yan'uwansa mata suka ɗauki karatunsa kamar nasu, musamman Jane, babba a cikin matan gidan. Domin a karanta wa ɗalibi littafin Latin, sai mai karantawa ya san Latin. Domin a karanta masa Sabon Alkawari cikin harshensa na asali, sai a san Helenanci, Tsohon Alkawari kuma sai da Ibrananci, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu da haruffan da ba su yi kama da na boko ba. Suka zauna suka koyi waɗannan harsuna saboda shi. Ya kamata mai karatu ya sani cewa a lokacin jami'o'in Sikotlan ba su ba mata digiri, sai a 1892 aka buɗe musu wannan ƙofa. Saboda haka duk wahalar da Jane ta sha a kan nahawun Ibrananci ba za ta taɓa kawo mata takardar shaida ko albashi ba, ta kuma san haka tun farko. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki. Ga George Matheson, 'yar'uwa ce ta zama idanunsa, kuma duk wanda ya ba da labarin wannan fasto ya tsallake sunan Jane bai ba da labarin daidai ba.

Ya sami digirinsa na farko a 1861 da yabo a fannin falsafa, na biyu a 1862, sa'an nan ya shiga karatun tauhidi ya gama a 1866. Waɗanda suka san shi sun ce da yana da ido, aikin lauya zai zaɓa, gama yana da kaifin harshe da son muhawara. Wannan buri na cikin abubuwan farko da makanta ta ƙwace masa. A 1866 aka ba shi izinin wa'azi a Ikkilisiyar Sikotlan, ya yi ɗan lokaci yana mataimakin Dokta John Macduff a majami'ar Sandyford cikin Gilasgo. A watan Afrilu na 1868 aka naɗa shi fasto a Innellan, wani ƙaramin gari a bakin mashigin teku na Clyde. Ba kowa ne a ikkilisiyar ya so a kawo musu makaho ba. Tambayoyinsu ba na mugunta ba ne: yaya zai karanta nassi a sujada, yaya zai ziyarci marasa lafiya, wa zai kai shi gidajen da suke kan tudu?

Amsar tambaya ta farko ta ba su mamaki. Kafin kowace Lahadi akan karanta masa nassin ranar, da zabura da waƙoƙin da za a rera, ya haddace su duka. Wa'azin kuma yakan faɗa a rubuta, a maimaita masa, ya riƙe shi tun daga farko har ƙarshe. Idan ya hau bagadi yakan buɗe Littafi Mai Tsarki a gabansa, ya faɗi sura guda ba tuntuɓe, har baƙi sukan fita daga sujada ba su san mai wa'azin ba ya gani ba. Daga baya ya daina haddace wa'azi kalma-kalma, ya riƙa ɗaukar ƙashin bayan maganar kawai a zuciyarsa. Innellan wurin hutu ne, lokacin zafi mutanen Gilasgo sukan zo cikin jiragen ruwa su cika garin, lokacin hunturu kuma sai 'yan gari kaɗan su rage. Waɗannan baƙin ne suka kai labarinsa birane. Jane ta bi shi can, ta riƙe masa gida, ta riƙa kai shi ziyara.

Sai dai a farkon shekarunsa a Innellan wani duhu ya sauko masa wanda ya fi na ido. Zamani ne na girgiza. Littafin Charles Darwin a kan asalin halittu ya fito a 1859, masanan Jamus kuma suna bincike a kan yadda aka rubuta littattafan Littafi Mai Tsarki, suna ta da tambayoyin da fastocin dā ba su taɓa ji ba. Matheson ya karanta waɗannan, wato an karanta masa, kuma shi ba mutum ne mai kau da kai daga tambaya ba. Bisa ga abin da shi kansa ya bayyana daga baya, ya wayi gari ya tarar ba ya gaskata da kome, ko kasancewar Allah ko rai bayan mutuwa. Bai iya munafunci ba, sai ya miƙa takardar ajiye aiki ga majalisar fastoci da dattawa ta gundumarsa. Majalisar ta ƙi karɓa. Dalilin da suka bayar shi ne cewa shi saurayi ne, zai sake tunani. Waɗannan dattawan ƙauye, waɗanda aka san yankinsu da tsanani a kan koyarwa, sun yi haƙurin da majalisu da yawa ba za su yi ba, kuma da sun sa hannu a takardar nan da labarin ya ƙare a nan. Bangaskiyarsa ta dawo a hankali, ta hanyar karatu da tunani mai tsawo. Littafinsa na farko, wanda ya fito a 1874 ba tare da sunansa ba, jagora ne ga masu son fahimtar tauhidin Jamusawa. A 1885 kuma ya rubuta wani a kan ko tsohuwar bangaskiya za ta iya zama tare da sabon ilimin kimiyya, ya amsa cewa za ta iya.

Akwai wata hasara kuma da ba a cika ambata ba. Burinsa bayan ya rasa aikin lauya shi ne ya zama babban masanin tauhidi da tarihin ikkilisiya. A 1877 ya fitar da babban littafi mai juzu'i 2 a kan yadda ruhun Kiristanci ya yi girma cikin tarihi. An yaba zurfin tunaninsa, amma masu sharhi suka nuna kurakurai a cikin bayanan tarihi. Gaskiya suka faɗa. Mai binciken tarihi sai ya buɗe littafi goma a gabansa, ya duba wannan ya koma wancan, ya tabbatar da shekara da suna da idonsa. Wanda ake karanta wa ba zai iya haka ba, kome ƙarfin haddarsa. Abin ya yi wa Matheson zafi ƙwarai, gama ya nuna masa iyakar da ƙoƙari ba zai ketare ba. Bai yi jayayya da masu sharhin ba, bai kuma ɗora laifin a kan masu karanta masa ba. Sannu a hankali ya karkata alƙalaminsa zuwa irin rubutun da makanta ba ta hana shi, wato gajerun bimbini a kan aya ɗaya, kowanne yana ƙarewa da addu'a. Waɗannan ƙananan littattafai, irin su My Aspirations da Moments on the Mount, su ne suka shiga gidajen talakawa da ɗakunan marasa lafiya, aka fassara waɗansu zuwa harsuna dabam-dabam. Jami'ar Edinbara ta ba shi digirin girmamawa na tauhidi a 1879.

A cikin ɗaya daga waɗannan bimbini ya tsaya a kan maganar Manzo Bulus game da ƙaya a jiki, a 2 Korintiyawa sura 12. Abin da ya tuhumi kansa da shi a can shi ne cewa godiyarsa ga Allah kullum a kan abubuwa masu daɗi take tsayawa, ba ta taɓa kaiwa ga ƙayar kanta ba, ya kuma roƙa a koya masa wannan godiya. Ya kamata a lura cewa roƙo ya yi, bai ce ya riga ya iya ba. Akwai karin maganar da ke cewa makaho ya rasa ido ya ce ido na wari. Matheson bai taɓa yin haka ba. Bai raina gani ba, bai ce makanta daɗi gare ta ba. Rubuce-rubucensa cike suke da maganar haske, da launi, da fitowar rana, da duwatsu, abubuwan da ya gani dishi-dishi yana yaro ya adana su kamar dukiya. Mutum ne mai fara'a da dariya mai ƙarfi wadda abokansa ba su manta ba, amma fara'ar ba ta rashin sanin abin da ya rasa ba ce. Yana ƙidaya abin da ya tafi, yana kuma ƙidaya abin da ya rage masa, wato kunne, da hadda, da murya, da gida mai ƙaunarsa, da jama'ar da take jiransa kowace Lahadi, ya yi aiki da waɗannan iyakar ƙarfinsa.

Abin da ya fi sa ake tunawa da shi a yau waƙa ɗaya ce. Ya rubuta ta a gidan fasto na Innellan da yammacin wata ranar 6 ga Yuni, yana da kimanin shekara 40. Ranar bikin auren ɗaya daga cikin 'yan'uwansa mata ce, iyalin duka suna Gilasgo, shi kaɗai ne a gida. Ya bayyana cewa wani abu ya same shi a daren nan wanda ya jawo masa baƙin ciki mai tsanani, abin da shi kaɗai ya sani, waƙar kuma ta fito cikin kamar minti 5, kamar ana faɗa masa yana rubutawa. Baiti 4 gare ta. Na farko yana magana da Allah a matsayin Ƙauna, na biyu a matsayin Haske, na uku Farin Ciki, na huɗu kuma yana duban Gicciye. An fara buga ta a mujallar Ikkilisiyar Sikotlan mai suna Life and Work. A 1884 Albert Peace, makaɗin babbar majami'ar Gilasgo, ya yi mata karin da ake kira St Margaret, wanda da shi ake rera ta har yanzu. Kalma ɗaya tak aka canja a cikinta, bisa roƙon kwamitin littafin waƙoƙi.

Masu wa'azi da yawa sukan ƙawata wannan labari da cewa wata budurwa ce ta fasa aurensa da ta ji zai makance, wai tunawa da ita ne ya ta da masa hankali a daren bikin. Labarin yana da daɗin faɗa a bagadi, amma bai fito daga bakin Matheson ba, kuma bai dace da tarihinsa ba, tun da ciwon idonsa sananne ne ga kowa tun yana jariri. Haka nan ba Jane ce ta yi aure ta bar shi ba, gama ta zauna tare da shi har mutuwarsa. Mutumin ya zaɓi ya bar baƙin cikinsa tsakaninsa da Ubangijinsa, ya fi kyau a bar masa shi a can.

A watan Oktoba na 1885 Sarauniya Biktoriya ta sa aka kira shi ya yi wa'azi a majami'ar Crathie, kusa da gidanta na Balmoral. Ya yi magana a kan haƙurin Ayuba. Sarauniyar, wadda ta yi shekara 24 tana takabar mijinta a zuci, ta nemi a buga mata wa'azin. Tun kafin wannan ya ƙi amsa kiran wata babbar ikkilisiya a Landan. Amma a 1886, bayan shekara 18 a Innellan, ya karɓi kiran ikkilisiyar St Bernard a birnin Edinbara, mai mambobi fiye da 1,000. Waɗansu sun ɗauka zai tsaya ga wa'azi ya bar ziyara ga wasu. Sai ya bi gidajen mambobinsa ɗaya bayan ɗaya, yana hawa matakalan dogayen benaye na birnin riƙe da hannun mai yi masa jagora, yana gane mutane ta muryarsu. Ɗaliban jami'a da fastocin waɗansu ɗariku sukan cika majami'ar domin su ji shi. A 1890 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana ta Edinbara, a shekarar kuma ya fitar da littafin waƙoƙinsa.

Sai da ya manyanta ya koyi rubutun Braille da buga tafireta. Mutumin da ya yi shekaru masu yawa ba ya iya ajiye tunaninsa a takarda sai wani yana kusa, yanzu yana iya tashi da dare ya rubuta abin da ya zo masa. Ba ƙaramin abu ba ne fasto mai suna, wanda ya yi wa'azi a gaban sarauniya, ya koma yana lalube ɗigo-ɗigo da yatsa kamar ɗan aji ɗaya.

A 1899 nauyin ikkilisiyar ya fi ƙarfin jikinsa, ya ajiye aikin bayan shekara 13, ya ba da sauran kwanakinsa ga rubutu da wa'azi a wurare dabam-dabam. Littattafansa na wannan lokaci suna da wani abin lura. Ɗaya nazari ne a kan rayuwar Kristi wanda ya tsara kamar mutum yana tsaye gaban hoto yana dubansa. Sauran kuma a kan mutanen Littafi Mai Tsarki ne, irin su Ibrahim, da Yusufu, da Musa, da Ayuba, ya jera su kamar hotuna a bangon babban zaure, yana zagayawa da mai karatu daga wannan zuwa wancan yana nuna masa abin da zai duba a kowace fuska. Marubucin kuwa ya yi shekara 40 bai ga fuskar kowa ba. Jami'ar Aberdeen ta ƙara masa digirin girmamawa a 1902.

Bai taɓa yin aure ba. Ya rasu farat ɗaya ranar 28 ga Agusta, 1906, a garin North Berwick na bakin teku inda ya je hutu, sakamakon bugun jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 64. Aka kai gawarsa Gilasgo aka binne a kabarin iyalinsa, a babbar makabartar da take kan tudu bayan majami'ar birnin. Littafin da yake aiki a kansa a lokacin, wanda yake magana a kan matan Littafi Mai Tsarki, ya fito a shekarar da ta biyo baya.